Daga Ɗakin Haihuwa Zuwa Kujerar Incaj: Yadda Za Ki Tsaya da Ƙafarki Idan Aka Sauya Miki Aiki

Shekarata 11 a ɗakin haihuwa na wani babban asibiti a cikin gari kafin a miƙo mini takardar taransifa. Layi 4 ne kacal a jikinta: an tura ni wani ƙaramin asibiti a ƙauye, ni ce incaj, wato shugabar asibitin, in kama aiki cikin mako 2. Abokan aiki suka yi ta "Sista, Allah ya sanya alheri, girma ya zo." Ni ma haka na ɗauka. A lokacin ina iya samo jijiyar matar da jini ya ƙare mata da hasken tocilan waya, ina iya gane naƙudar da za ta ba mu wahala tun daga yadda mai ita ta dafa ƙofa. Me asibiti mai gado 6 zai nuna mini?

Ranar da na isa, kafin azahar an tambaye ni ina makullin sito, nawa ya rage a asusu, wace rana za a fita rigakafi, kuma wa zai haɗa rahoton wata. Ko ɗaya ban san amsarsa ba. Na koma ɗakin da aka ba ni na zauna a bakin katifa, ban ko cire takalmi ba.

Ke da aka miƙa wa irin wannan takarda, ke nake yi wa wannan rubutu. Ina cewa "ke" don mu mata muka fi yawa a aikin. 'Yan'uwa maza su yi haƙuri, maganar ta shafe su. Ko kujerar incaj aka ba ki, ko daga ɗakin yara aka kai ki ɗakin tiyata, ko makarantar koyon jinya aka tura ki koyarwa, ciwon iri ɗaya ne.

Ki yarda kin koma 'yar koyo

Wata malamar jinya 'yar Amurka, Patricia Benner, ta rubuta a 1984 cewa ma'aikaciyar jinya tana taka matakai 5 daga 'yar koyo zuwa gwana, kuma gwanar da aka ɗauke daga fagenta aka kai inda ba ta saba ba takan koma ƙasa. An koya mana wannan a aji, mun haddace don jarrabawa. Sai da na tsaya gaban firjin rigakafi ina juya kwalba ban san ko ta lalace ba na gane abin da matar take nufi.

Ni wata 2 na ɓata ina ɓoye jahilcina. Idan aka tambaye ni abu sai in ce "bari in duba," in shige ofis in kira wata ƙawata a ɓoye. Ma'aikatan sun gane tun makon farko, kawaici kawai suke yi mini. Ranar da na ce wa yaron da ke kula da rigakafi, wanda na girme da shekara 15, "Malam, zo ka nuna mini yadda ake cike wannan takardar, wallahi ban iya ba," ranar aikin ya fara yi mini sauƙi. Ya ja kujera ya zauna, cikin minti 40 ya koya mini abin da na yi makonni ina laluben sa. Ki yi wannan a kwana 3 na farko, tun ana yi miki kallon baƙuwa. Baƙo ne ake yi wa uzuri idan ya tambayi hanya. Wanda ya yi wata 6 a gari yana tambayar hanyar kasuwa, dariya ake yi masa.

Ki sayi littafi mai bango mai ƙwari wanda zai shiga aljihun rigar aiki. Duk abin da ba ki sani ba ki rubuta a shafin hagu, amsar a shafin dama tare da wanda ya ba ki ita.

Kada ki sa hannu sai kin ƙirga

Wannan kunya ce ta ci ni, kuma kunya ce ke cin yawancinmu. Wanda na karɓa daga hannunsa babba ne, ya kusa ritaya, yana sauri motarsa za ta tashi. Ya miƙo takardar miƙa aiki, na ga bai dace in tsaya ina ƙirga kaya a gaban sa'an babana ba, na sa hannu. Bayan wata 4 masu duba aiki suka zo suna neman abin awon hawan jini guda 2 da sikelin jarirai da ke rubuce a takardar. Ɗaya kawai muke da shi, sikelin kuma ban taɓa ganin sa ba. Ba na zargin kowa. Mai yiwuwa sun lalace tun shekaru ba a goge su ba. Amma sa hannuna ne a ƙasa.

Ki ce wa wanda za ki karɓa daga hannunsa, "Baba, a yi haƙuri, don kare mutuncinka da nawa ne." Ku shiga sito tare da shaida guda daga cikin ma'aikata. Ki ƙirga magani kwali-kwali, ki duba ranar lalacewar kowanne, ki gwada da katin kaya. Ki kunna duk abin da ke kunnuwa. Ki buɗe kowace rijista ki ga ranar da aka yi rubutu na ƙarshe. Ki nemi takardar banki. Abin da babu ki rubuta babu, abin da ya lalace ki rubuta ya lalace, ku sa hannu ku 3, ki ɗauki hoton takardar a waya. Zai ɗauke ki yini guda.

Aikin da ya bar hannunki

Ga wurin da ba wanda ya gargaɗe ni. Na ɗauka abin da zai dame ni shi ne sabon aikin da aka ɗora mini. Ashe tsohon da aka raba ni da shi ya fi ciwo.

A 2014 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin rarraba ayyukan lafiya, saboda likitoci da ungozomomi ba su isa ba, musamman a karkara. Tsarin ya ba mu wasu ayyukan da a da sai likita, ya kuma ba ma'aikatan lafiya na al'umma, waɗanda muke kira CHEW, wasu ayyukan da a da namu ne, idan an horar da su: karɓar haihuwar da ba ta da matsala, sa abin tazarar haihuwa na damtse da mata ke kira ashana, da makamantansu. A babban asibiti wannan labari ne a takarda. A ƙauye shi ne rayuwa.

Makona na biyu na leƙa ɗakin haihuwa na ga wata CHEW tana karɓar haihuwa. Ban san lokacin da na sa safar hannu na ture ta gefe ba. Ba ta ce komai ba. Ta yi shekara 7 tana karɓar haihuwa a wannan ɗakin kafin in zo, matan garin sunanta suke kira idan naƙuda ta tashi, ni kuma na nuna mata a gaban mai naƙuda da uwar mijinta cewa ban yarda da hannunta ba. Sai da na yi wata guda ina gyara wannan ɓarnar.

Gaskiyar da na daɗe ban faɗa wa kaina ba ita ce kishi nake yi. Karɓar haihuwa shi ne abin da na iya, shi ne wurin da nake jin ni ce ni. Duk lokacin da lissafin asusu ya gagare ni sai in gudu ɗakin haihuwa in ƙwace aikin wata don in ji daɗi. Ki lura da kanki: idan kika ga kina yawan komawa tsohon aikinki, ki tambayi kanki wane sabon aiki kike gudu.

Abin da ya yi mini amfani shi ne tsayawa a bayanta, hannuwana a aljihu. Na kalli haihuwa 5 ban taɓa komai ba. Na ga hannunta ya fi na wasu da na yi aiki da su a gari taushi. Na kuma ga kurakurai 2: tana jinkirin yin allurar oksitosin mai hana zubar jini bayan haihuwa, wadda ya kamata a yi cikin minti 1 da fitowar jariri, kuma ba ta cike takardar bin naƙuda sai an gama. Na gaya mata a ofis, mu biyu, da shayi a gabanmu. Aikin incaj ke nan. Hannu 2 gare ki, ba za ki karɓi kowace haihuwa ba. Abin da ke wuyanki shi ne haihuwar da aka karɓa ƙarfe 3 na dare kina barci ta zama kamar ke kika karɓa.

Amma kada ki saki gaba ɗaya. Na ware wa kaina ranar awo guda a mako da kwanan aiki 2 a wata a cikin rosta, wato jadawalin aiki, kamar kowa. Hannu yana mantuwa, kuma ma'aikata sun fi jin maganar shugabar da suka ga ta goge jini a ƙasa.

"Likita"

A ƙauye duk mai farar riga likita ne. Da farko nakan gyara musu, "Malamar asibiti ce ni, Inna." Daga baya na gaji na bari. Haɗarin shi ne ranar da ke ma kika fara yarda.

A gari idan abu ya rikice akwai wanda za ki kira: likita yana sama, ɗakin tiyata yana ƙarshen baranda, ana iya samun jini. A nan idan kika waiwaya, bango za ki gani. Wannan yakan jefa mutum ɗaya daga cikin ramuka 2: ko tsoro ya sa ki tura kowa gari har mai ciwon kai, mutane su daina zuwa, ko ƙarfin hali ya sa ki riƙe abin da ya fi ƙarfinki.

Maganinsa shi ne ki ja layin tun da rana tsaka, ba cikin dare da mace kwance tana jijjiga ba. Na zauna da ma'aikatana muka rubuta a babban kwali muka manna a bangon ɗakin haihuwa: wannan muna yi, wannan muna ba da taimakon farko mu tura, wannan ko gado ba za ta hau ba sai mota. Jijjiga, alal misali, muna yin allurar farko ta magnesiyam salfet, giram 4 ta jijiya a hankali da giram 5 a kowane ɗuwawu, mu rubuta lokacin a takardar turawa, mu tura. Jaririn da ya zo a gicciye, zubar jini kafin haihuwa, matar da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa: waɗannan ba namu ba ne, kuma tun ranar awo ake gaya wa mijin, ba ranar naƙuda ba. Ki ɗauko takardun ƙa'ida na jiharki ki gwada kwalinki da su kafin ki manna, don ana sabunta su.

Abin da muke iya yi da hannunmu kuma yana ƙaruwa, ki riƙa bibiya. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni don a ga ainihin jinin da ta zubar maimakon kintace da ido, kuma da zarar ya kai iyaka sai a yi komai a tare: murza mahaifa, oksitosin, allurar tsayar da jini, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa. Zubar jini mai tsanani ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Ungozomomi ne suka yi yawancin wannan aikin, ba tare da zaman jiran wani ya sauko daga bene ba. Ni da na yi shekaru ina cewa "ai jinin bai yi yawa ba" da ido, jikina ya yi sanyi.

Sai maganar mota. Ba a fafe gora ranar tafiya. A makonki na farko ki je tasha ki gaisa da shugaban direbobi. A jihohi da dama na Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da tsarin ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa. Ki tambaya ko akwai a yankinki. Ko babu, ki samu lambar direba 3 da za su ɗaga waya da dare, ku yi cinikin kuɗin tun yanzu, ki rubuta lambobin a jikin wancan kwalin. Ki kuma je asibitin da kike tura wa marasa lafiya da ƙafarki, ki san metron, wato shugabar ɗakin haihuwa, ido da ido. Wayar wadda aka sani daban take da ta baƙuwa.

Firji, takarda da kuɗi

Waɗannan ba su da daɗi amma ba su da wuya. Firjin rigakafi tsakanin digiri 2 da 8, a duba safe da yamma a rubuta, har ranar Juma'a da ranar Sallah. Allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ta ƙyanda idan an haɗa su, bayan awa 6 a zubar. Oksitosin ma sanyi yake so. Wanda ya kwana a aljihun teburi cikin zafin Afrilu kada ki dogara da shi. Rahoton wata kada ki bari sai ranar ƙarshe, ki riƙa haɗa lissafin kowace Alhamis.

Kuɗi kuwa, idan asibitinki yana cikin masu samun kason asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, to ke da shugaban kwamitin mazaɓa za ku riƙa aiki a kai tare. Doka ɗaya na kafa wa kaina: ko tsintsiya aka saya sai da rasit, kuma kuɗin asibiti ba ya kwana a jakata. Ranar taron kwamiti nakan karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da babbar murya. Ƙauye ba ya ɓoye magana. Gara su ji daga bakinki.

Mutanen gari

Kafin ki gyara komai a asibiti, ki je gaisuwa. Dagaci, liman, shugaban kwamiti, da tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin garin. Na je gidan dagaci da lulluɓina, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, baƙuwarku ce, an turo ni hidimar iyalinku." Ya ce, "Madalla, 'yata. Waɗanda suka riga ki sai dai mu ji labarin sun zo, mu ji sun tafi." Ziyarar ba ta kai minti 20 ba, amma ranar da wani magidanci ya hana a tafi da matarsa gari, saƙo ɗaya na aika fada.

Ungozomar gargajiya kuwa, a makaranta an sa mana ƙyamarta. Kada ki yi faɗa da ita, ba za ki ci ba. Tana shiga ɗakin da ba za a bar ki ki shiga ba. Na ce mata, "Gwaggo, idan kin kawo mai naƙuda ki zauna a wajen kanta, ke za ki yi wa jariri wankan farko idan lokacinsa ya yi." Tun daga nan ita ke rako su. Maganar kunun kanwa da wankan jego da tafasasshen ruwa ma ta bakinta na bi, a hankali, don idan ni na faɗa 'yar boko ce ta faɗa.

Ke kanki

Ƙawayenki na tsohon wurin aiki za su ci gaba da hira a WhatsApp kan mutanen da ba ki sani ba, wata rana ki ga ba ki da abin cewa. Idan kuma a wurin da kike aka ɗaga ki sama da su, ya fi zafi: wadda kuke cin ɗanwake a kwano ɗaya jiya, yau ke za ki rubuta mata takardar tuhuma don ta makara. Ki gaya mata tun wuri, ku biyu, cewa a rosta ba ki da ƙawa, a gida kuma ba ki da ma'aikaciya. Wasu za su fahimta. Ɗaya daga cikin nawa har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Ki nemi wata incaj da ta riga ki da shekaru a wani asibitin, wadda ba shugabarki ba ce, wadda za ki iya kira ki ce "Yaya, na yi kuskure" ba tare da ya shiga fayil ba. Ni tawa duk yammacin Lahadi muke waya.

Lasisinki na Hukumar Jinya da Ungozoma yana da wa'adin sabuntawa, kuma sai kin halarci kwas ɗin ƙarin ilimi na dole. A gari sanarwar tana zuwa har ɗakin aiki. A ƙauye ba mai tuna miki, ki rubuta ranar a bangon littafin nan naki.

Sai barci. Gidana yana cikin harabar asibiti, wata 3 na farko duk wanda ya yi tari da dare sai an buga mini ƙofa, ni kuma ina jin daɗin ana buƙatata. Ranar da na kusa ba yaro maganin wani don gajiya na tara su na ce: mai kwanan aiki ita ke da dare, a tashe ni don abu 4 kawai, jini, jijjiga, naƙudar da ta tsaya, da jaririn da bai yi kuka ba.

Wata rana za ki rasa mara lafiya. Tawa ta farko a wata na 5 ne, an kawo ta a amalanke bayan ta haihu a gida, ta cika a mota kafin su kai kwalta. A gari mutuwa tana rarrabuwa a kan mutane da yawa. A nan kaina ta sauka ni kaɗai. Na yi kwana 3 ina jin muryar mahaifiyarta. Abin da na yi, kuma nake ba ki shawara, shi ne washegari na tara ma'aikata muka bi abin daki-daki: ƙarfe nawa ta iso, ƙarfe nawa aka sa ruwa, ƙarfe nawa mota ta zo. Ba don neman mai laifi ba. Muka gano minti 25 sun tafi wajen neman makullin sito, don ruwan ƙari yana ciki kuma mai makullin ya tafi masallaci. Daga ranar muka haɗa akwatin gaggawa a ɗakin haihuwa, ba kwaɗo a jikinsa: ruwa leda 2, allurar jijiya manya, safar hannu, magnesiyam salfet, ƙwayar misofrostol mai tsayar da jini, da takardar turawa da aka riga aka buga wa hatimi. Duk mai karɓar aiki da safe sai ta buɗe ta ƙirga ta sa hannu. Bayan mun gama na sa mayafi, ni da Gwaggo muka tafi gidan gaisuwa.